Ƙasar da Sahura Ta Ware

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Muttaka, kuma katangar tana da giɓi daidai inda muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙauyenmu yana ƙasar Anka, cikin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ɓarna shekarun baya, lokacin da yara suka riƙa mutuwa muna cewa iska ce. Tun daga nan mai gari ya kafa doka: ba a daka dutsen zinari a cikin gida, ba a wanke shi a cikin gida. Aka haƙa wani babban rami a bayan gari, aka ce duk garin dutsen da ya rage bayan an wanke an cire zinari, can za a kai shi a binne. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Barakatu, da ke bin mu gida-gida tana nanata mana cewa shara iri biyu ce, kada a haɗa. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa su tafi juji su zama taki, garin dutse kuwa ya tafi rami. Mu ce to, mu raka ta zaure. Faɗa dai ba ta da wuya.

Da 'yan bindiga suka fara tare mutane a bakin rafin da maza ke wankin dutse, abubuwa biyu suka faru. Malama Barakatu ta daina zuwa, don hanya ba ta biyuwa sai da dalili mai ƙarfi. Muttaka kuma ya fara shigo da dutse gida a kan babur, ya lulluɓe buhun da harawa kamar abincin tumaki ya ɗauko. A bayan ɗakin matarsa Sahura yake dakawa, ya wanke a daro, ya tsince ɗan abin da Allah ya ba shi. Abin da ya rage, wani gari mai laushi fari-fari, sai ya juye a kan jujin gida, ya sa ƙafa ya turo toka ya rufe. Ban ce tsoron bakin rafi ƙarya ne ba. An kama mutane a can, wasu ba su dawo ba. Amma jujin nan shi ne filin wasan 'yarsa Basma, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, don a nan kaji da 'yan awaki suke, kuma duk inda suke nan take.

Sahura ba mai yawan magana ba ce. Daga wajen Bukkuyum aka auro ta, kuma ƙauyensu ya watse, iyayenta suna raɓe a wani kango a Gummi. Macen da ba ta da inda za ta yi yaji takan koyi haƙuri da wuri. Amma ta riƙe maganar Malama Barakatu fiye da mu da muka girme ta. Kullum in Muttaka ya fita, sai ta goya Basma, ta ɗaure hanci da tsumma, ta tsuguna gaban juji. Ta yaye tokar, ta kwashe garin tun yana da danshi, ta sa tsohuwar rariya ta tace shi daga kashin awaki da leda da karmami, don kada takin gona ya tafi da guba, kada kuma gubar ta zauna inda yarinya ke wasa. Ta kai shi lungun bayan rumbu ta tara, ta rufe da tsohuwar zana, ta kewaye da ƙaya. Aikin da aka ce mu yi ke nan, kuma a duk unguwar ita kaɗai na ga tana yi.

Rabin aikin ta iya, sauran rabin ba a hannunta yake ba. Ramin yana bayan gari, ita kuwa tana kulle.

Wata rana da hantsi na ji ta ta giɓin katanga tana yi wa mijin magana a hankali.

"Malam, ƙasag ga ta taru. A taimaka a kai ta rami."

"Ni in ɗauki shara bisa kai in ratsa gari? Ina kika taɓa ganin namiji da shara?"

Ta ce to a bar ta ita ta kai, ko da sassafe ne kafin mutane su fito. Ya ce matarsa ba ta fita, kuma ba a kansa za a fara ba. Sannan ya sassauta murya ya faɗi abin da ke cikinsa.

"Duk wanda yag gan ki da ita ya san ana daka gidan ga. Gaban mai gari kika son a kai ni?"

Kun ji yadda abin yake. Shara aikin mace ne, fita aikin namiji ne, sai garin dutse ya rasa mai kai shi rami. Ni da mijina ya rasu, ba mai tsare ni, na ce wa Sahura ta riƙa miƙo mini kaɗan-kaɗan a ƙwarya, in rufa da mayafi in kai. Sau ɗaya muka yi. Uwar Muttaka, Inna Rabi, ta gan mu, ta ce ba a fitar da asirin gida ta katanga. Kashegari Muttaka ya kwaɓa ƙasa ya toshe giɓin. Ya manta maƙwabciya ba ta rasa dalilin sallama, ko aron ludayi ma ya isa.

Uzuri kuwa bai taɓa yanke wa Muttaka ba, kullum da sabo. Yau ya ce akwai sauran zinari a cikin garin, wasu masu saye za su zo da mota su kwashe, zubar da shi asara ce. Gobe ya ce a bari hanya ta yi kyau. Jibi ya ce gida nawa ake daka a garin nan, 'ya'yan wa suka mutu bana? Masu sayen ba su zo ba, hanya ba ta yi kyau ba, tarin bayan rumbu kuwa ya yi ta tashi har ya fi ƙarfin zanar. Iska ta kaɗa ta ɗebo, kaji su tona ƙarƙashin ƙayar su baza. Ita ma Inna Rabi ba ta taimaka ba. Tsohuwa ce da ba ta yarda a yar da komai, ko tsinken tsintsiya sai ta ce zai yi rana. Buhunan da aka ɗauko dutse a ciki takan kakkaɓe su ta shanya kuka da kuɓewa a kai. Da Sahura ta yi magana, sai ta ce ita ta haifi bakwai a gidan nan ba a koya mata shanya ba.

Sai Basma ta fara canzawa. Yarinyar da ke bin 'yan awaki har ta faɗi ta tashi tana dariya, ta koma zama wuri ɗaya tana kallon ƙasa. A ba ta fura ta kawar da kai, in ta sha ta amayar. Cikinta ya ɗaure, ta yi ta kuka tana riƙe shi. 'Yan kalmomin da ta fara iyawa suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Da can in na shiga takan ce mini Gwaggo, ko da bakin bai gama faɗa daidai ba. Aka wayi gari na shiga ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

Inna Rabi ta ce haƙori ne. Da haƙorin ya ƙi fitowa ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Da saiwoyi suka ƙi ta ce iska ce, aka karɓo rubutu aka yi turare. Kowane mako da sunan da ake sa wa ciwon, ban da sunansa na gaskiya, wanda duk wanda ya kai shekara ashirin a ƙauyen nan ya san shi.

Abin da ya ƙara ɗaure Sahura shi ne Basma 'yar fari ce. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya, sai a ce ba ta da kunya. Ni ma haka na tashi, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai a gidan nan. Sahura tana kallon 'yarta tana narkewa, amma in ta buɗe baki sai dai ta ce "yarinyag ga ba ta ci komi ba yau," tana duban gefe kamar zancen 'yar wasu take. In ta ƙara kalma ɗaya, Inna Rabi ta tafa hannu ta ce zamani ya zo ƙarshe, ga mace tana rawar jiki a kan ɗiyar fari.

Ranar da abin ya kai maƙura ina gidan, na je da sunan aron turmi. Basma tana zaune a tabarma sai ta sandare, idanu suka juye, jiki ya hau karkarwa, kumfa na fita a baki. Sahura ta jefar da muciya ta sure ta. Inna Rabi ta taso da garwashi a kasko za ta yi turare, tana cewa a ba ta yarinyar. Sahura ba ta miƙa ba.

"Inna, Basma mutuwa za ta yi. Ba iska ta ba, dalma ta. Kin sani, na sani."

Ran nan ne na fara jin sunan yarinyar a bakin uwarta. Inna Rabi ta tsaya da kasko a hannu, kuma na rantse abin da ya fi girgiza ta shi ne sunan da aka kira, ba kumfar da ke bakin jikarta ba.

Aka kira Muttaka. Ya ga abin da idonsa, jikinsa ya yi sanyi, don ba cewa na yi ba ya son 'yarsa ba. Ya yarda zai kai su asibiti a Anka, amma sai da ya tsaya a zaure, babur na ruri, ya kafa sharaɗi. In an tambaya, ba a daka dutse a gidansa. Sahura ta ce ta ji. Da ya ce ta yi rantsuwa ma da ta yi, in dai babur zai tashi.

Abin da ya faru a can ita ta ba ni labari. Ta ce sun tarar da Malama Barakatu a ɗakin yara, ta gane ta. Aka ɗebi jinin Basma, da sakamako ya fito Malama ta zauna kusa da ita ta tambaye ta ko ana daka a gida. Sahura ta sunkuyar da kai. Malama ta ce ba sai ta amsa ba, jinin yarinya ya riga ya amsa. Ta yi mata bayani cewa maganin zai janye gubar daga jiki a hankali, amma in aka mai da yarinya kan ƙasar da ta ba ta ciwon, an yi aikin banza, kuma karo na biyu ya fi na farko muni. Da Muttaka ya zo dubiya, Malama ta tare shi a baranda. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce su ba sa iya zuwa ƙauyen yanzu, don haka aikin a wuyansa yake: ya daina kawo dutse gida, ya kwashe duk abin da ke gidan ya kai rami, ya kankare ƙasar ɗakin da yarinya ke kwana ya zubar, ya zuba sabuwa mai tsabta. Muttaka ya yi ta gyaɗa kai yana cewa in sha Allahu.

Sun yi makonni a Anka. A tsakanin nan bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya shiga kai taki gona. Na ga jakin Muttaka yana fita da mangala cike da juji, yana dawowa. Na ji an daina daka a bayan ɗaki. Sannan wata rana na ji ƙarar madaɓi, tim, tim, da muryoyin 'yan uwan Inna Rabi suna waƙar daɓe. Ni ba a gayyace ni ba, tun maganar ƙwarya Inna Rabi take amsa mini sallama a daƙile. Amma na ji daɗi har cikin raina. Na ce ashe bawan Allahn nan yana da kunne, ciwon 'yarsa ya koya masa abin da baki ya kasa.

Ranar da suka dawo na shiga yin barka. Basma ta yi 'yar ƙiba, idonta ya washe. Ba ta magana, kuma ƙafar hagu tana ɗan ja, amma da ta ga akuya sai ta miƙa hannu daga goyo tana ƙoƙarin sauka. Sahura ba ta tsaya shan ruwa ba, kai tsaye ta zagaya bayan rumbu. Lungun fes, an share, babu zana babu ƙaya. Ta dawo tsakar gida fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka, ta durƙusa gaban mijinta da goyo a baya ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Muttaka ya ce amin yana duban babur ɗinsa.

Inna Rabi ce ta kama hannunta, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ja ta zuwa ƙofar ɗaki ta ɗaga asabari. Na leƙa ta kafaɗarsu. Wallahi ban taɓa ganin daɓe mai kyan wannan ba. Sumul, ba tsaga ko ɗaya, an shafe shi da makuba yana ƙyalli, sai dai a gefe-gefe inda makubar ba ta kama ba, launinsa fari-fari ne, ba ja irin na ƙasarmu ba.

Sahura ta daɗe tana kallon gefen nan. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ina aka ɗebo ƙasar.

"Ina za a ɗebo? Wa ka zuwa ramin jar ƙasa yanzu, a kama shi? Ga ƙasa gida, ke da kanki kin tace ta, ba tsakuwa ba kashin akuya. Ko garin tuwo bai hi ta laushi ba."

"Inna, ita ta gubar."

"Wace guba? Sau nawa anka wanke ta cikin daro? Munka ƙara kwaɓa ta da ruwan rijiya. Abin da ruwa yaw wanke ai ya yi tsarki. Likita tac ce a sa ƙasa mai tsabta, mun sa."

Ba gatse take yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Tsohuwar nan ta yini a durƙushe da ciwon gwiwarta tana buga madaɓi saboda jikarta. Tsohuwar ƙasar ɗakin, wadda ƙura kawai ta taɓa, sun kankare sun watsar. Suka kwaso gubar zalla suka shimfiɗa daga bango zuwa bango. Da a ce Sahura ta bar garin dutsen a cikin juji, cakuɗe da toka da kashin awaki, da ba mai kallonsa balle ya yi daɓe da shi. Hannunta ne ya tace shi ya tara shi wuri ɗaya har ya ba tsohuwa sha'awa.

Sahura ta juya wajen mijinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shi ai yana baranda lokacin da Malama ta yi bayani. Muttaka ya ce ya ji, kuma ya daina daka, me kuma ake so da shi? Ya ce ba ya iya hana mahaifiyarsa abin da ta yi niyya. Ya ce daɓe ya bushe ya yi tauri, abin da ke ciki ba ya fitowa. Na sa baki na ce daɓen ƙasa kullum tsintsiya cinsa take, wata biyu ya fara tashi, kowace mace ta san wannan. Ya ce Gwaggo Luba, da girmanki, maganar gida ce. Sahura ta roƙi a fasa a sake. Ya ce ruwa ya kusa sauka, ga shuka a gabansa, kuma in ya sa diga a aikin da Inna ta yi da hannunta, da wane ido zai dube ta? A bari bayan damina a gani.

Na ce to a ba ni yarinyar ta zauna wajena. Inna Rabi ta ce jikarta ba marainiya ba ce da za a kai ta riƙo maƙwabta, mutane su ce me? Na ce ta kwana ɗakin Inna. Sai aka nuna mini cewa ƙasar ta yi saura, an gyara ɗakin Inna da ita, har da dokin ƙofa.

Mutane sukan zo daga birni su tambaya me ya sa matan ƙauye ba sa raba shara kamar yadda aka koya musu, su ce jahilci ne ko ƙiwuya. Ni dai na ga wadda ta raba. Ta raba da hannunta kullum, da goyo a baya. Abin da ba ta da shi shi ne ikon taka ƙofar gida da abin da ta raba, da bakin da za a saurara in ta yi magana. Wanda ke da ƙafar fita yana jin kunyar ɗaukar shara, yana tsoron mai gari fiye da yadda yake tsoron makara. Wadda ke da iko a tsakar gida ba ta yarda akwai dattin da ruwa ba ya wankewa ba. Kowannensu yana da hujja, kuma duk hujjojin a kan yarinyar da ba ta iya magana suka sauka.

Sahura ba ta shiga ɗakin ba. Ta tsaya a tsakar gida da goyo, ta yi tankaɗe a tsaye, ta tuƙa tuwo da yarinya a baya. Basma ta gaji da zani, tana ta zillo tana dukan bayan uwar da kai. Sahura ta jijjiga ta, ta sake ɗaure majanyi, ta ƙi sauke ta. Haka har la'asar ta yi. Ta matso kusa da ni ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Gwaggo, ina zan aje ta?"

Iyayenta suna kango a Gummi, gidana an hana, asibiti sun sallame su.

Hadarin da ya yini yana haɗuwa ya taso da iska, ruwan farko na shekara ya sauko da ƙarfi. Muttaka ya tura babur zaure yana hamdala, gobe sai shuka. Sahura ta raɓe a ƙarƙashin rumbu, ruwa na feso su ta gefe, yarinyar da ta fito daga asibiti ran nan tana jiƙewa tana tari. Ta jure iya jurewa. Daga baya ta ruga ɗakin, muka bi ta ni da Inna Rabi. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora zani a kai, ta ƙara wani, ta kwance goyon ta zaunar da Basma a tsakiya, ta juya ɗauko busasshiyar riga.

Tabarma ba ta tsare yaro. Basma ta rarrafa ta sauka, tana jan ƙafar hagu, ta dafa daɓen da jiƙaƙƙun hannuwanta tana bubbuga shi, ta ji sanyinsa ta yi dariya. Sannan ta zauna ta sa yatsu a baki.

Inna Rabi ta dafa ni, idonta cike da farin ciki.

"Dibi, Luba. Har ta saba da ɗakin."